Wankin Maƙogwaro ko Wankin Huhu: Zaɓen Gwajin da Ya Dace da Dokin da Ake Zargi da Asma

Mai dokin da ya shafe makonni yana tari, ko wanda ƙarfinsa ya ragu a sukuwa ba tare da an ga wani rauni a ƙafarsa ba, yakan tsinci kansa gaban shawara mai nauyi da zarar likitan dabbobi ya ambaci asma. Gwaje-gwajen da za a iya yi suna da dama, wahalarsu ga dokin ta bambanta, kuma kowanne da tambayar da yake amsawa. Biyu daga cikinsu aka fi rikitawa, wato wankin maƙogwaro da wankin huhu, domin a duka biyun ana zuba ruwan gishiri ne a hanyar numfashi a zuƙo shi a kai ɗakin gwaji. A ganina, idan asma ake nema wankin huhu ne ya fi cancanta, idan kuwa ƙwayar cuta ake nema sai a koma ga wankin maƙogwaro, kuma yawancin kurakuran da ake tafkawa suna zuwa ne daga ɗora wa ɗayan aikin ɗan'uwansa.

Kafin a kai ga gwaji ya kamata a san irin cutar da ake farauta. A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin cututtukan cikin jikin dabbobi ta Amurka ta fitar da matsayar da ta tattara cututtukan kumburin hanyoyin iska na dawaki, waɗanda a da kowannensu da sunansa, a ƙarƙashin suna guda, asmar dawaki, tare da raba ta mataki biyu. Akwai mai tsanani, wadda ta fi kama dawakin da suka haura shekara 7, ita ce ke sa doki haki ko yana tsaye a barga, kuma ba ta warkewa gaba ɗaya, sai dai ta lafa ta sake tashi. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2007 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na dawakin ƙasar suna ɗauke da ita. Akwai kuma mai sauƙi zuwa matsakaiciya, wadda ba ruwanta da shekaru, ta fi ta farkon yawa nesa ba kusa ba, musamman a tsakanin matasan dawakin tsere, kuma tana iya wucewa idan an gyara muhallin dokin.

Tushen matsalar shi ne abin da doki ke shaƙa. Busasshiyar ciyawa, ko da ta yi kyau a ido, tana ɗauke da ƙura mai laushi da ƙwayoyin funfuna irin su Aspergillus fumigatus da ɓurɓushin bakteriya, kuma doki yakan cusa hancinsa cikinta na sa'o'i da dama kowace rana. A ƙara da shimfiɗar busasshen kara, da zarnin fitsari a bargar da iska ba ta ratsawa, da sharar da ake yi alhali dokin yana ciki. Akwai kuma nau'in da ke tashi a makiyaya lokacin zafi da laima, wanda aka fi sani a kudu maso gabashin Amurka, kuma ana danganta shi da ƙurar furanni da funfunar fili. Shi wannan shigar da dokin barga mai tsabta ne ke sauƙaƙa shi, akasin nau'in da aka saba gani. Gado ma yana da hannu, domin binciken da aka yi a Jami'ar Bern ta Suwizalan ya nuna cewa 'ya'yan ingarman da ke da cutar sun fi sauran dawaki saurin kamuwa. A cikin huhu abubuwa uku ne ke haɗuwa: tsokar da ke zagaye da ƙananan hanyoyin iska tana matsewa, majina mai kauri tana taruwa, bangon hanyoyin kuma yana kumbura. Idan aka daɗe a haka tsokar tana ƙara kauri, kuma wannan canjin ba ya komawa yadda yake gaba ɗaya, shi ya sa jinkirin gano cutar ke da tsada ga dokin.

Matakin farko, wanda babu gwajin da zai maye gurbinsa, shi ne duban likita da tarihin da mai dokin zai bayar. A mai tsanani, idan ta tashi, alamun ba sa ɓuya. Lafiyayyen doki yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti ɗaya, a hankali har sai an lura kafin a gani. Mai asma kuwa za a ga ƙofofin hancinsa a buɗe wagege, yana fitar da iska a mataki biyu, na biyun da taimakon tsokar ciki, har duburarsa tana motsi tare da numfashin. Dokin da ya shekara da shekaru a haka yakan fitar da wani layi a gefen cikinsa, daga kwiɓi ya gangaro bisa ƙarshen haƙarƙari, wanda ba komai ba ne illa tsokar da ta yi kauri saboda aikin tura iska. Da yawansu suna ramewa, domin ƙarfin da ya kamata ya gina jiki yana ƙarewa a numfashi. Muhimmin abu kuma shi ne ba su da zazzaɓi. Zafin jikinsu yana nan tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyos.

Idan sauraren ƙirji bai nuna komai ba, likita yakan ɗauki babbar leda ya rufa wa dokin a hanci, yana riƙe da ita yadda ba za ta manne wa ƙofofin hancin ba, na kimanin minti ɗaya. Dokin yana sake shaƙar iskar da ya fitar, sai numfashinsa ya yi zurfi, a nan ne fito da ƙarar majina da suke ɓoye sukan fito fili a kunnen mai saurare. Ana kuma lura da abin da zai biyo bayan cire ledar: lafiyayyen doki yakan ja dogon numfashi kaɗan ya koma daidai, mai matsala kuwa yakan sarƙe da tari ya daɗe bai daidaita ba. Wannan gwaji ba ya buƙatar na'ura, kuma idan aka haɗa shi da tarihin da ke nuna cewa tarin yana ƙaruwa a barga yana raguwa a fili, sau da yawa ya isa a fara magani a kan tsohon dokin da ke haki.

Inda duban ido ke gazawa shi ne a mai sauƙi. Huhun doki yana da rara mai yawa, domin an halicce shi ne don gudu: a tsaye yana shaƙar kimanin lita 5 a kowane numfashi, a tsananin sukuwa kuwa yana numfashi sau ɗaya a kowane tsalle, iskar da ke ratsa shi a minti ɗaya tana iya haura lita 1,500. Saboda haka doki zai iya rasa wani kaso na ƙarfin huhunsa ba a ga komai a barga ba, sai dai ya sare a ƙarshen tsere, ko ya daɗe yana huci bayan aiki, ko ya yi tari biyu uku a farkon kilisa. Wannan tarin na farkon fita mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin gyaran murya, alhali lafiyayyen doki bai cika tari ba. A irin wannan dokin ne zaɓen gwaji ke da muhimmanci ƙwarai.

Gwajin jini ba ya gano asma. Amfaninsa shi ne ya nuna ko akwai wata cuta mai yaɗuwa a jiki, ta hanyar yawan fararen ƙwayoyin jini da sinadaran da ke hauhawa lokacin kamuwa da ƙwayar cuta. A asma zalla yawanci jinin yana fitowa lafiya lau. Gwajin jini ko na fata da ake yi don gano abin da jikin doki ba ya so shi ma ba abin dogaro ba ne a nan, domin lafiyayyun dawaki da yawa suna nuna sakamako iri ɗaya da marasa lafiya, kuma ban ga hikimar fara kashe kuɗi a kansa ba.

Leƙa hanyar numfashi da tiyo mai kyamara ya fi wannan amfani sosai, domin gani ya kori ji. Ana zura tiyon ta hanci har cikin maƙogwaro, a ga yawan majinar da ta kwanta, a ba ta maki daga 0 zuwa 5. Maki 2 a dokin tsere, ko 3 a dokin hawa na yau da kullum, an danganta shi da raguwar ƙwazo. Babbar fa'idarsa ita ce kawar da matsalolin saman maƙogwaro, kamar shanyewar ɓangaren hagu na akwatin murya ko gocewar ganɗa mai laushi, waɗanda su ma suke rage ƙarfin doki ba tare da huhu ya taɓu ba. Sai dai kyamara tana nuna majina ne kawai, ba ta faɗin abin da ya kawo ta.

Wankin maƙogwaro yawanci ta cikin wannan tiyon ake yinsa. Ana zura siririn bututu, a zuba ruwan gishiri mai tsabta kimanin mililita 20 zuwa 30 a inda maƙogwaro ya yi kwari a mashigar ƙirji, a zuƙo shi nan take. Wasu likitocin sun fi son huda fatar wuya da allura su shiga kai-tsaye, don kada ƙwayoyin cutar hanci su gurɓata ruwan. Ƙarfin wannan gwaji yana cikin cewa duk abin da ya taso daga kowane lungu na huhu biyu ta maƙogwaro yake bi, saboda haka idan akwai ƙurji ko ciwon nimoniya a wani ɓangare guda, alamarsa za ta iso nan. Shi ne kuma ruwan da ya dace a shuka a ɗakin gwaji don a san nau'in bakteriya da maganin da zai kashe ta. Ga dokin da ke da zazzaɓi, ko ya daina cin abinci, ko majinarsa ke wari, ko ya kamu da rashin lafiya bayan doguwar tafiya a mota, wannan ne gwajin da za a fara da shi ba tare da wani kokwanto ba. Haka nan dokin da ke kiwo tare da jakuna, domin jaki yakan ɗauki tsutsar huhu ba ta dame shi ba, amma ta sa doki tari mai kama da na asma.

Rauninsa a wajen asma yana da girma. Maƙogwaro mashiga ce da ƙura ke bi kullum, don haka yawan ƙwayoyin nutrofil, wato fararen ƙwayoyin da ke nuna kumburi, yana hawa da sauka ko a lafiyayyen doki. Ana ɗaukar abin da ya haura kashi 20 cikin 100 a matsayin alamar matsala, amma bincike ya sha nuna cewa sakamakon maƙogwaro ba ya tafiya daidai da abin da ke faruwa a can ƙasan huhu. Ƙwayoyin mast, wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda su kaɗai ne shaidar cutar a wasu matasan dawaki, ba su cika fitowa a wannan ruwan ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda sakamakon ke kai mutane ga maganin da bai dace ba. Dokin da ke da asma ba ya iya share majinarsa yadda ya kamata, sai bakteriya irin su Streptococcus zooepidemicus su samu wurin zama a cikinta ba tare da su ne tushen ciwon ba. Rahoto ya dawo da sunan bakteriya, a ɗora dokin a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni, tarin ya ɗan lafa ya dawo, ana ta canza magani alhali ciyawar da ke gabansa ce ke ta da cutar.

Wankin huhu, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da BAL, yana zuwa ne inda cutar take. Ana yi wa dokin allurar kwantar da jiki, yana tsaye kansa a sunkuye, sannan a zura dogon tiyo mai laushi, tsawonsa ya kusa mita 3, kaurinsa kamar ɗan yatsa, ta hanci har ya wuce inda maƙogwaro ya rabu biyu. A daidai nan dokin yakan yi tari mai ƙarfi har jikinsa na girgiza, abin da kan tsorata mai dokin da bai taɓa gani ba, shi ya sa ake fesa maganin kashe zafi a wurin, kuma tarin yakan tsaya da zarar bakin tiyon ya toshe wata ƙaramar hanyar iska. Sai a tura ruwan gishiri mai ɗumi, mililita 250 zuwa 500, a zuƙo shi da manyan sirinji. Kusan rabin ruwan ne ke dawowa, sauran jiki ya shanye, kuma idan an ga farin kumfa a samansa an san ya kai ƙananan jakunkunan iska. Aikin duka bai cika wuce 'yan mintoci ba, ana iya yinsa a barga, sai a hutar da dokin kwana ɗaya ko biyu. Wasu sukan yi ɗan zazzaɓi mai wucewa.

Abin da ya fifita shi shi ne alƙalumansa suna da ma'ana tsayayya. A lafiyayyen doki nutrofil ba sa wuce kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin da ke cikin ruwan, ƙwayoyin mast kashi 2, iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, kashi 1. Matsayar 2016 ta ɗauki nutrofil sama da kashi 10, ko mast sama da kashi 5, ko iyosinofil sama da kashi 5, a matsayin shaidar asma mai sauƙi zuwa matsakaiciya, yayin da a mai tsanani nutrofil sukan haura kashi 25, wani lokaci su mamaye fiye da rabin ƙwayoyin. Tsakanin waɗannan iyakoki akwai tazarar da sai likita ya auna da alamun dokin kafin ya yanke hukunci. Ruwan yana kuma tona asirin wata matsalar da ke kwaikwayon asma a dawakin tsere, wato zubar jini a huhu lokacin gudu, domin ana ganin ƙwayoyin da suka haɗiye tsohon jini ko bayan makonni.

Shi ma yana da iyakarsa, kuma wajibi ne a san ta. Ɓangare ɗaya kawai yake wankewa, galibi can bayan huhun dama idan ba a yi amfani da kyamara ba. Wannan ya wadatar ga asma tunda ta game huhu duka, amma zai iya tsallake ƙurjin da ke wani gefe. Bai dace da shuka bakteriya ba, saboda tiyon ya bi ta hanci. Ba a yi wa dokin da ke cikin tsananin haki, don tarin da toshewar na iya ƙara masa wahala, sai an fara sauƙaƙa masa numfashi. Ƙwayoyin suna lalacewa da sauri, dole a sanyaya ruwan a kai shi ɗakin gwaji cikin kwana ɗaya, ko a shafa shi a gilashin gwaji tun a wurin. Sannan dokin da ke da mai tsanani, idan ya yi makonni a fili nesa da ƙura, sakamakonsa na iya fitowa kusan kamar na lafiyayye, abin da ya kamata duk mai shirin sayen babban doki ya riƙe a zuciyarsa.

Auna aikin huhu kai-tsaye, ta hanyar zura ƙaramar balan-balan a hanyar da abinci ke bi zuwa ciki don auna matsin da ke cikin ƙirji, yana tabbatar da toshewar hanyoyin iska. A mai tsanani bambancin matsin yakan haura santimita 15 na ruwa. Amma na'urorin sun fi samuwa a manyan asibitocin dabbobi na jami'o'i, don haka ba zaɓi ba ne ga yawancin masu dawaki. Hoton ƙirji da sikanin su ma ba asma suke nunawa ba. Ana neman su ne idan dokin ya ƙi jin magani, ko yana ramewa da zazzaɓi, don a duba ruwa a ƙirji ko taurarewar huhun da ake dangantawa da wata ƙwayar cutar hapis ta dawaki.

Saura hanyar da mutane suka fi karkata gare ta saboda sauƙinta, wato a gwada magani a ga abin da zai faru. Tana da fuska biyu. A hannun likita, allurar buɗe hanyoyin iska kamar Buscopan tana sauƙaƙa hakin mai asma cikin 'yan mintoci, kuma wannan saurin sauƙin shaida ce mai ƙarfi cewa matsewar tsoka ce ta toshe iskar; wani magani mai suna atirofin ma yana yin haka, sai dai yana iya tsayar da hanji ya jawo ciwon ciki. Cire ƙura daga rayuwar dokin, ta hanyar jiƙa ciyawarsa ko turara ta da tururi, canza shimfiɗa, da fitar da shi fili, gwaji ne marar haɗari wanda kuma shi ne ginshiƙin maganin, ko da yake yakan ɗauki makonni kafin a ga cikakken tasirinsa. Fuskar da ba na goyon baya ita ce ba da sitiroyid, wato maganin rage kumburi irin su dezametason, ido rufe. Idan ciwon nimoniya ne ke ɓoye, maganin zai raunana garkuwar jiki ciwon ya ci gaba. A dawaki masu ƙiba ko matsalar sinadaran jiki ana tsoron kumburin cikin kofato. Sannan yana iya sauya sakamakon wankin da za a yi daga baya.

Idan aka ɗora waɗannan a kan dawakin da ake gani a zahiri, zaɓin yana fitowa. Tsohon doki mai haki a tsaye, da layi a gefen ciki, ba zazzaɓi, kuma tarinsa yana bin ciyawa da barga, ana iya fara masa magani bisa duban likita da allurar buɗe hanyar iska, a bar wankin huhu sai ya samu sauƙi ko kuma idan ya ƙi samu. Matashin dokin da ƙwazonsa ya ragu, ko yake tari jefi-jefi fiye da mako uku, shi ya fi kowa buƙatar kyamara da wankin huhu, domin babu wata hanyar da za ta tabbatar da cutarsa a barga. Mai zazzaɓi ko mai majina mai wari a fara masa da gwajin jini, sikanin ƙirji da wankin maƙogwaro. Inda alamun suka cakuɗe ana iya yin wankin biyu a zama ɗaya, a fara da na maƙogwaro kafin tiyon huhu ya gurɓata wurin, kuma wannan ya fi a dawo da dokin sau biyu.

Kowanne aka zaɓa, ingancin sakamakon ya dogara da shirin da aka yi. A bar dokin a muhallinsa na kullum da ciyawar da ya saba ci har ranar gwajin, matuƙar numfashinsa bai tsananta ba, domin gyara barga mako biyu kafin zuwan likita yana iya ɓoye abin da ake nema. A sanar da likita duk maganin da aka ba shi da ranar da aka daina, musamman sitiroyid da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan sai an yi doguwar tafiya da shi zuwa asibiti, a tuna cewa ɗaure kan doki sama na sa'o'i da yawa yana hana majina gangarowa, yana kuma ƙara nutrofil da bakteriya a maƙogwaro, don haka ya fi kyau likita ya zo barga, ko a ba dokin lokaci ya sauke kansa ya huta kafin a ɗebi ruwan.